Son ɗan takara daban, lissafin haraji daban

Jama'a, yau rubutun zai ɗan yi tsawo, mai sauri ya yi haƙuri.

Duk lokacin da zaɓen fidda gwani na shugaban ƙasa ya ƙarato a Amurka, akwai wani tsohon zance da yake farfaɗowa: a soke harajin kuɗin shiga, a rufe hukumar tara haraji ta IRS, a koma karɓar haraji a kan abin da mutum ya saya kawai. Yawanci kuma ba jiga-jigan jam'iyya ne ke ɗauko zancen ba. Ɗan takarar da aljihunsa bai da nauyi ne, wanda gidajen talabijin ba su ɗauke shi a bakin komai ba, sai talakawan da maganarsa ta shige su su tsaya masa tsayin daka. Ina ganin girman waɗannan mutane ƙwarai da gaske, kuma girman nasu da nake gani ne ya sa na zauna yin wannan rubutu. A nawa lissafin, harajin da suke zubar da gumi a kansa su ne zai fara dannewa.

Babu labarin da ya fi fito da wannan fili kamar na Mike Huckabee. A farkon shekarar 2007 in ka ambaci sunansa a wajen jihar Arkansas, inda ya yi gwamna daga 1996 zuwa 2007, da yawa sai sun tambaye ka ko wane ne. Tsohon fasto ne, mai daɗin baki, ba shi da kuɗin kamfe. A jam'iyyar Republican a lokacin ana maganar Rudy Giuliani ne da John McCain da Mitt Romney, shi kuwa Romney attajiri ne da ya zuba kuɗi ba ƙaƙƙautawa a jihar Iowa, inda ake fara zaɓen fidda gwanin jam'iyyar. A watan Agusta na 2007 aka yi zaɓen gwaji da aka saba yi a garin Ames na jihar Iowa. Romney ya zo na ɗaya kamar yadda kowa ya zata, amma wanda ya zo na biyu, da kashi 18 cikin ɗari, shi ne Huckabee. Daga cikin waɗanda suka taimaka masa a ranar akwai masu fafutukar wani tsarin haraji da ake kira FairTax, waɗanda suka yi hayar motocin bas suka kwaso jama'a zuwa wurin. Huckabee ya rungumi tsarin nasu hannu bibbiyu, su ma suka rungume shi.

Ranar 3 ga Janairu, 2008, ya lashe Iowa da kashi 34 cikin ɗari, Romney na biye da kashi 25, duk da cewa abin da Romney ya kashe a tallan talabijin ya ninka nasa sau da yawa. Sai mutum ya san yadda zaɓen Iowa yake kafin ya gane nauyin wannan nasara. Ba layi ake bi da rana a jefa ƙuri'a a wuce ba. Da daddare ake taruwa, a tsakiyar hunturu, a ajin makaranta ko zauren coci ko ɗakin taron unguwa, maƙwabta na kallon juna, wani ya miƙe ya yi magana a madadin ɗan takararsa kafin a rubuta suna a takarda. Wanda zai fito cikin wannan sanyi ya bar ɗuminsa, to wani ne ya kira shi a waya ya sake kira, ko ya zo ƙofar gida ya ɗauke shi a mota. Wannan aiki 'yan coci ne suka yi wa Huckabee, da iyayen da ke koyar da 'ya'yansu a gida maimakon kai su makaranta, da matasan da suka kafa masa rundunar sa kai a intanet, da kuma mutanen FairTax. Babu mai biyan su. Da man motarsu da lokacinsu suka yi. Daga baya ya ci Jojiya da Alabama da Tennessee da Arkansas da West Virginia a rana ɗaya, 5 ga Fabrairu, kafin ya janye wa McCain ranar 4 ga Maris.

A wannan kakar ce kuma magoya bayan Ron Paul, ɗan majalisa daga Texas da shi ma yake neman takarar Republican, suka nuna wa duniya abin da ƙananan gudummawa za su iya. Suka sa rana, 5 ga Nuwamba, 2007, kowa ya tura abin da ya samu ta intanet, aka tashi da fiye da dala miliyan 4 a yini guda. Suka sake ranar 16 ga Disamba, aka tara miliyan 6 da 'yan kai. Shi Paul matsayinsa ya fi na kowa tsauri: a soke harajin kuɗin shiga, kada a maye gurbinsa da komai, gwamnati ta rage ciki. Bai ci jiha ko ɗaya a zaɓen ba, amma ya canza yadda ake tara kuɗin kamfe har gobe.

To me ya ja bayin Allahn nan da suka tsaya wa Huckabee zuwa harajin sayayya? Ba wauta ba ce, kuma ina jin haushin masu sharhin da ke yi musu kallon marasa tunani. Ma'aikacin Amurka tun 1943 ake yanke masa haraji daga albashi kafin kuɗin ya shigo hannunsa. Bayan harajin kuɗin shiga, ana cire masa kashi 7.65 cikin ɗari na fansho da lafiyar tsofaffi, wanda ya ɗauke shi aiki ma ya biya kwatankwacin haka. Sannan duk shekara kafin 15 ga Afrilu sai ya zauna da tarin takardu da rasit yana cike fom, ko ya biya wani ya cike masa, yana fargabar kada ya yi kuskure wasiƙar IRS ta iso. Yana kuma gani da idonsa dokar haraji cike take da ƙofofin baya da masu kamun ƙafa suka huda wa manyan kamfanoni a Washington. Sai wani ya zo ya ce masa: daga yau albashinka zai zo maka cif, babu fom, babu mai bincikar littafinka, attajiri da ɗan daba da mai sayar da ƙwaya da baƙon da ya zo yawon buɗe ido duk za su biya a kanti kamar yadda za ka biya. Wallahi ko ni ne sai na tsaya na saurara.

Ga abin da tsarin ya ƙunsa. Ɗan majalisar wakilai John Linder daga Jojiya ne ya fara gabatar da ƙudurin a 1999, tun daga nan kuma ake ta maimaita shi majalisa bayan majalisa, har Buddy Carter, shi ma daga Jojiya, ya sake kawo shi a Janairun 2023. Zai share harajin kuɗin shiga na mutum da na kamfani, da wanda ake cirewa daga albashi domin fansho, da na ribar hannun jari, da na gado. A maimakonsu a sa haraji ɗaya a kan duk sabon kaya da duk hidimar da aka saya don amfanin kai: abinci, magani, ganin likita, hayar gida, sabon gida, sabuwar mota. Kayan hannu, wato wanda wani ya riga ya yi amfani da shi, babu haraji a kansa. Domin kada talaka ya shiga uku, gwamnati za ta riƙa tura wa kowane gida kuɗin rangwame duk wata, daidai da harajin da zai biya in ya kashe abin da aka ƙiyasta a matsayin layin talauci. A 2007, miji da mata da yara biyu za su samu dala 500 da 'yan kai a wata.

Matsalata ta farko tana kan lambar da aka rubuta a allunan kamfe: kashi 23 cikin ɗari. Ku ɗauki biro. Kayan da kuɗinsa dala 100 ne, a ƙarƙashin wannan tsari dala 130 za ka biya. Kowane mai zuwa kanti zai ce maka harajin kashi 30 ne, domin haka ake lissafin harajin sayayya na jihohi tun fil azal, a kan farashin kaya. Su kuwa masu tsarin sai suka ɗauki dala 30 ɗin suka auna ta da 130, ta ba su kashi 23. Hujjarsu ita ce harajin kuɗin shiga ma haka ake auna shi, daga cikin jimillar kuɗin, don haka sun yi ne domin a kwatanta daidai da daidai. Lissafin ba ƙarya ba ne, na yarda. Amma ina da yaƙinin cewa da yawa daga cikin waɗanda suka ƙwanƙwasa ƙofofi a Iowa 123 suke da ita a rai, ba 130 ba. Mutumin da ya ba ka ƙafarsa da lokacinsa kyauta ya cancanci ka gaya masa adadin da zai gani a rasit.

Kuma ko 30 ɗin ba lallai ta isa ba. A 2005 shugaba George W. Bush, ɗan Republican, ya kafa kwamitin ba da shawara kan gyaran haraji ƙarƙashin tsofaffin sanatoci biyu, Connie Mack da John Breaux. Kwamitin ya duba batun harajin sayayya na ƙasa baki ɗaya, ya ce in ana so ya maye gurbin harajin kuɗin shiga kaɗai, ba tare da an taɓa na fansho ba, sai an kai aƙalla kashi 34. Ya ce kuɗin rangwamen wata-wata zai ci fiye da dala biliyan 600 a shekara, ya zama shirin rabon kuɗi mafi girma a tarihin ƙasar. Sai ya yi watsi da shawarar. Masu FairTax sun ce abin da kwamitin ya auna ba nasu ba ne sak, kuma akwai gaskiya a ciki, domin an canza wasu sharuɗɗa. To amma ku lura da wani abu a nasu lissafin: sun sa gwamnati ita ma ta biya harajin a kan abin da take saya. Gwamnati ta cire daga aljihun dama ta sa a na hagu, sannan a ƙirga shi a matsayin kuɗin shiga. Wannan yana ƙawata lamba a takarda, amma ba ya gina ko gada ɗaya.

Yanzu ga inda abin ya fi ci mini rai. Mu ƙaddara direban babbar mota ne da iyalinsa, mutum huɗu, suna samun dala 50,000 a shekara. Irin wannan gida abin da ya shigo shi ke fita: haya, abinci, mai, inshora, takalman yara. In sun kashe duka, dala 11,500 daga ciki haraji ne. A cire rangwamen da aka turo musu, saura wajen dala 5,000, wato kusan kashi 10 cikin ɗari na abin da suka samu. Mu ƙaddara kuma wani ne mai samun dala miliyan 5. Komai son jin daɗinsa, a ce ya kashe miliyan 1, sauran ya zuba a hannun jari. Harajinsa dala 230,000, ƙasa da kashi 5 cikin ɗari na abin da ya samu. Mai miliyoyi ya biya kaso mafi ƙanƙanta fiye da direba. A dokar da ake da ita a 2007, matakin ƙoli na harajin kuɗin shiga kashi 35 ne.

Ba sai ka yi digiri a tattalin arziki ba kafin ka ƙarasa wannan tunani. Masu tsarin sun yi alkawarin gwamnati za ta tara daidai abin da take tarawa yanzu. Sun yi alkawarin talakan ƙasa-ƙasa ba zai biya komai ba saboda rangwame. Na sama kuwa mun ga nauyinsa ya ragu sosai. To giɓin wa zai cike? Na tsakiya. Malamin makaranta, ma'aikaciyar jinya, mai ƙaramin shago, manomin masara na Iowa, fasto mai ƙaramin coci. Su ne fa waɗanda suka cika motocin bas zuwa Ames.

Na san amsar da ake bayarwa, kuma ba amsar banza ba ce. Ana cewa kuɗin da attajiri ya ajiye ai wata rana za a kashe shi, ko shi ko magadansa, a lokacin za a biya harajin. Ana kuma cewa rashin taɓa ajiya zai ƙarfafa zuba jari, jari ya kawo masana'antu, masana'antu su kawo aiki. Masana tattalin arziki da dama, har da waɗanda ba su goyi bayan FairTax ba, sun yarda cewa harajin sayayya bai kai na kuɗin shiga hana ajiya ba. Amma "wata rana" tana da nisa. Direba yau zai biya, a famfon mai da kantin magani. Dukiyar attajiri kuwa tana iya shekara 40 tana haihuwa ba a taɓa ta ba, ta wuce hannun 'ya'ya ba harajin gado, a kashe wani ɓangarenta a Faransa ko Dubai inda hannun Amurka bai kai ba. Kuma dukiya ba sai an kashe ta take amfani ba. Tana nan a ajiye take buɗe wa mai ita ƙofar sanata.

Akwai kuma tsofaffi, waɗanda ban cika jin ana maganarsu ba. Mutumin da ya yi aiki shekara da shekaru, aka cire masa haraji daga kowane albashi, ya tara ɗan abin da ya rage a banki domin tsufansa. Ranar da aka sauya tsari, duk dalar da ya ciro ya sayi magani sai ta sake biyan haraji. An yanke shi lokacin samu, an yanke shi lokacin kashewa. Ana ba shi haƙuri da cewa farashin kaya zai sauko tunda kamfanoni sun daina biyan haraji. Amma mafi yawan harajin da ke ɓoye cikin farashi na albashin ma'aikata ne. Farashi ba zai sauko sosai ba sai in albashi ya sauko. Ba zai yiwu a yi wa ma'aikaci alkawarin cikakken albashinsa, a kuma yi wa mai saye alkawarin farashi ya faɗi, da kuɗi ɗaya ba.

Batun karɓar harajin ma abin dubawa ne. Ƙasashen da suka dogara da harajin sayayya mai yawa kusan duk VAT suke amfani da shi, wanda Faransa ta fara a 1954. Shi VAT ana karɓarsa ne mataki-mataki, daga masana'anta zuwa dillali zuwa mai kanti, kowa kuma yana neman rasit daga wanda ya sayar masa domin a mayar masa da abin da ya biya, sai ya zama kowa na tsaron kowa. FairTax a wuri ɗaya tak ake karɓarsa, a hannun mai sayarwa na ƙarshe. In makaniki ya ce wa mai mota "ba ni a hannu, mu bar rasit," dala 30 cikin kowace 130 ta tafi gaba ɗaya. A ɗora harajin jiha a kai, domin jihohi 45 suna da nasu, sai ka ga jarabawar ta yi wa mutane yawa. Sannan tunda sayayyar kasuwanci ba ta biyan haraji, kowa zai so motarsa da kwamfutarsa su zama "na kamfani". Dole a samu mai bincike. Za a iya sauke allon IRS daga jikin gini, amma aikin binciken yana nan, sai dai a miƙa wa jihohi.

Kada wani ya fahimce ni a kan cewa harajin sayayya haramun ne a wurina. Denmark tana karɓar VAT na kashi 25, talakanta kuma bai wulaƙanta ba, domin kuɗin yana dawo masa ta asibiti da makaranta, kuma ƙasar ba ta soke harajin kuɗin shiga ba, masu hali suna biya da yawa. Andrew Yang, wanda shi ma matasa 'yan sa kai ne suka ɗaga shi a zaɓen fidda gwani na Democrat na 2020, ya nemi VAT na kashi 10 domin a riƙa ba kowane baligi dala 1,000 a wata. Akwai tambayoyi masu nauyi a kan ko kuɗin zai isa, amma aƙalla alƙiblarsa a bayyane take: wanda ya fi kashewa ya fi biya, wanda ba shi da shi ya fi amfana. Abin tambaya kullum shi ne wane haraji aka cire aka sa wannan, kuma ina kuɗin za shi. Herman Cain ya zo a 2011 da nasa 9-9-9, kashi 9 a kan kuɗin shiga, 9 a kan kamfanoni, 9 a kan sayayya. Ya yi daɗin faɗa har ya hau kan gaba a ƙuri'un jin ra'ayi na ɗan lokaci, sai cibiyar Tax Policy Center ta auna ta ce kashi 84 cikin ɗari na gidaje harajinsu ƙaruwa zai yi.

Abin da nake so daga magoya baya na ƙasa, ko na wane ɗan takara ne, shi ne su san darajar abin da ke hannunsu. Ɗan takarar da attajirai suka ɗauki nauyinsa, attajiran ba sa sa hannu a cek sai sun zaunar da shi sun tambaye shi dalla-dalla me dokarsa za ta yi wa kasuwancinsu. Ɗan takarar da talakawa suka ɗauka fa? Sau da yawa soyayya ce ke hana tambaya. Duk wanda ya ɗaga yatsa a cikin tafiyar sai a ce ɗan leƙen asirin abokan hamayya ne, ko an saye shi. Na ga yadda ake yi wa masu tambaya rubdugu a kafafen sada zumunta, abin yana ba ni takaici, domin Iowa da New Hampshire wurare ne da ɗan takara ke shiga ƙaramin gidan cin abinci ya tsaya gaban mutum 30, kowa na iya miƙewa ya yi masa tambaya ido da ido. Wanda ya kwana yana buga waya domin ɗan takara ya fi kowa haƙƙin ya ce masa: ranka ya daɗe, ga albashina, ga hayata, ga kuɗin maganin mahaifiyata, lissafa mini nawa zan biya a tsarinka, nawa kuma mai miliyan 5 zai biya. In tsarin na da kyau, amsar za ta ƙara masa ƙarfi ne.

Akwai tambaya ɗaya kuma da ya kamata masu ƙin harajin kuɗin shiga su fi kowa damuwa da ita. Ikon da majalisa ke da shi na karɓar wannan haraji daga kundin tsarin mulki ya fito, gyara na 16, wanda aka amince da shi a 1913. Kafa harajin sayayya doka ce ta yau da kullum, rinjaye a majalisa da sa hannun shugaban ƙasa sun wadatar. Cire gyara daga kundin kuwa sai kashi biyu bisa uku na majalisar wakilai da na dattawa sun yarda, sannan jihohi 38 cikin 50 su amince. Sau ɗaya aka taɓa soke wani gyara a tarihin ƙasar, na haramta giya, a 1933. Masu ƙudurin sun san da wannan, shi ya sa a sababbin nau'o'insa suka sa sharaɗin cewa harajin sayayyar zai mutu da kansa in ba a soke gyara na 16 cikin shekara 7 ba. Amma sharaɗin da majalisa ɗaya ta rubuta, majalisar da ta biyo baya tana iya gogewa da rinjaye iri ɗaya, musamman ranar da aka shiga yaƙi ko tattalin arziki ya durƙushe, baitulmali na neman kuɗi ido rufe. A ranar, direban nan zai tarar ana cire masa daga albashi kamar da, ga kuma dala 130 tana jiran sa a kanti.